Muryar Ƙofar Shago

"Ko dai makirfo, ko dai ƙanena. Zaɓi ɗaya."

Haka babbar yayar Dogo ta faɗa tana tsaye a ƙofar ɗakin da Auta ke naɗar murya, ko takalmi ba ta cire ba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, an lulluɓe bangonsa da tsofaffin barguna don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Ga jitar marigayi baban Auta a jingine, da ita take laluben karin kowace waƙar talla kafin ta ɗora baiti.

Shi kuwa Dogo mai gyaran rediyo, wanda saura wata guda a ɗaura musu aure da Auta, yana raɓe a baya kamar kazar da ruwa ya daka.

Auta ta zare abin saurare daga kunnenta.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Gidanmu ba a kawo matar da muryarta ke yawo a titi tana tallar sabulu."

To, wanda ya san Auta ya san ba ta da hayaniya, amma ba ta lanƙwasuwa.

"Babana ya koya min kiɗa tun ban iya rubuta sunana ba. Gadona ke nan. Ina son ƙanenki har cikin ɓargona... amma ba zan shiga gidansa bebiya ba."

"Ka ji ko? Ka ji bakinta?" in ji Yaya, tana hararar Dogo.

Auta ta dubi Dogo. Shirunsa ya fi maganar Yaya ciwo.

Sai ta gyara tsayuwa, ta shaƙe murya, ta mayar da ita ta wata dattijuwa mai barkwanci:

"Ke mai wucewa, dawo-dawo! Atamfar nan ba ta zuba, sai dai maƙiya su zuba!"

Yaya ta saki baki. Ai wannan ce tallar da lasifikar ƙofar shagonta ke maimaitawa kullum, shekara biyu cur, har mata ke kiran wurin shagon Dawo-dawo.

"Wannan... ba wata tsohuwa ba ce?"

"Ni ce tsohuwar. Ki je ki kashe lasifikar tukuna, sannan ki zo mu yi maganar kunya."

Nan fa Dogo ya tako, ya tsaya kusa da Auta.

"Ni na kawo mata aikin, Yaya, lokacin da shagonki ko ƙuda ba ya shiga. Ranar na fara ganinta. In an raba ta da muryarta, wa zan aura?" Ya juyo ga Auta. "Yafe min shirun nan, sanyin idona."

"Ka dai kusa makara," in ji Auta, tana share ido da gefen mayafi.

Yaya ta fita ba sallama. Lasifikar kuwa ba ta kashe ba, ko na yini ɗaya.

Bayan biki da sati biyu sai ga Yaya a ɗakin naɗar muryar, ta cire takalmi a ƙofa, tana ta kallon barguna.

"Amarya... na sa leshi a shagon. Tsohuwar nan tana nan?"