Sitiyari na Biyu

Ranar Alhamis da rana, Sufeto Ermes Bergonzini bai ko gama kofinsa na bayan abinci ba aka kira shi: an sace motar tsere a gidan Likita Zanasi, mai cire haƙori. Ya ajiye kofin yana tsaki. A garinmu, nan gefen Modena ta ƙasar Italiya, ka sace wa mutum irin wannan mota, ai kamar ka ɗauke masa ɗa ne.

Ya tarar da likitan a bakin gareji, rungume da sitiyari. Gefensa 'yarsa Nives ce tsaye, doguwa, tana kallon inda motar take a da.

Likitan ya shiga zuba bayani ba ƙaƙƙautawa. Motar ruwan ɗorawa ce, asalinta ta ƙwalisa mai kujera biyu, aka kwashe kayan cikinta, aka yi mata kejin ƙarfe mai kare direba idan ta kife, ta koma ta filin tsere. Watan jiya ya saye ta a hannun Loris Sighinolfi mai walda. Ranar Lahadi Nives za ta shiga tserenta na farko da ita.

"Makullin fa?" in ji Sufeto.

"Ba ta da makulli, Sufeto. Ga makullinta nan." Ya ɗaga sitiyarin. "Cire shi ake yi. A ɗakina yake kwana."

"Na wata motar zai shiga?"

"Ina! Loris da kansa ya ƙera mahaɗinsa."

Sufeto ya dubi hanyar fita. Daga garejin zuwa titi akwai kwana mai tsanani, babu mai tura mota ta wuce nan ba sitiyari. Maƙwabta sun ce ba su ji ƙarar inji ba. Wata tsohuwa dai ta ga 'yar tirela lokacin da kowa ke kan tebur, amma mu nan tirela ɗauke da motar tsere kamar motar burodi ce, wa zai bar cokalinsa ya leƙa?

Abin da ya tsayar da shi yana cikin garejin. An ninke mayafin motar tsaf. An jawo farantin da ke tare ɗigon mai an jingina shi da bango. Wayar cajin batir kuma an naɗe ta an rataye a ƙusa, naɗin da aka ɗaure ƙugunsa da bakin wayar. Ɓarawo mai ladabi ke nan. Sufeto ya san mai wannan naɗin. Benci ɗaya suka zauna da Loris a firamare.

Ya wuce shagon Loris. Allon shagon na nan yadda yake tun suna yara, an rubuta Sighinolfi da Ɗansa. A da Loris ne ɗan, yanzu shi ne uban, ɗansa ne ke shirin karɓar wurin. Duk wanda ke son kejin da zai ba shi amanar wuyansa a yankin nan, wannan ƙofar yake zuwa.

Loris ya fito yana goge hannu, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"A'a, Ermes! Tsohuwar akwalarka ce ta kawo ka, ko kama ni ka zo yi?"

"Ina ka ci abincin rana?"

"Gidan ƙanwata."

"Sitiyari nawa motar likita take da su?"

"Ɗaya. Na ba shi."

Sufeto bai musa ba. Ya ɗaga kai ya dubi bangon da ke bayan teburin aiki. Hayaƙin walda ya baƙanta shi gaba ɗaya, ban da wani zagaye guda da ya rage fari tas, da ƙugiya a samansa.

"Me aka cire a nan?"

"Agogo. Ya mutu."

Haba Loris. Sufeto ya sha shan kofi a ƙarƙashin wannan bango, bai taɓa duba lokaci a kansa ba. Ya yi masa sallama ya fita, ransa a jagule.

Ya biya shagon kofi na bakin dandali, wurin Ivonne, wadda babu abin da ke wucewa a garin nan bai bi ta kunnenta ba. Bai sha wahalar tambaya ba. Ta ce lokacin cinikin, Loris ya zauna nan yana ba'a, wai likitan irin masu kuɗin nan ne da ke sayen motar tsere su kulle a gareji suna goge ta ranar Lahadi, ko giya ta uku ba zai taɓa sa mata ba. To shekaranjiya sai ga likitan ya shigo yana bugun ƙirji, 'yarsa za ta shiga tsere.

"Loris yana nan a lokacin?"

"A inda kake tsaye. Sau biyu ya tambaya, wai yarinyar da kanta? Ya bar kofinsa ko kurɓa bai yi ba." Ta goge saman kantar shagon. "Ai ka tuna ita ce motar da ta kife da shi bara waccan."

Ya tuna. Loris ya fito daga cikinta da ƙafarsa, gari ya yi ta yabon kejinsa.

Sufeto bai koma shagon Loris ba. Akwai tsohon garken shanu na mahaifin Loris a bayan gari, inda suke ɓuya suna yara in sun gudu daga makaranta. Washegari da safe ya kira gidan likita ya ce a zo a shaida mota. Likitan yana da marasa lafiya, sai Nives ta zo. Suka tafi da kofur ɗaya.

Tun daga kan hanya suke jin kukan injin yankan ƙarfe.

Motar na tsakiyar garken, ba ƙwarzane ko ɗaya. Tsohon sitiyari mai fatar da ta sha hannu yana maƙale a mahaɗinsa. Loris na durƙushe a ciki, ya yanke bututu guda daga kejin, ga sabo a ajiye a gefe an riga an lanƙwasa shi. Da ya gan su ya kashe injin. Bai yi ƙoƙarin tashi ba.

"Da Asabar zan mayar da ita, Ermes. Na rantse."

"Na sani. Miƙo abin da ka yanke."

Ya miƙo. Sufeto ya juya bututun. Daga waje fenti sumul. Daga ciki kuwa tsagewa ce doguwa, an ɗan ɗora mata walda a sama, an cike sauran da ƙullin da masu gyaran bodi ke toshe rami da shi.

Maganar ta fito da kanta, ba a matsa masa ba. Ya ce ranar da ta kife, kejin ya tsage. Bai gaya wa kowa ba, don gari na ta yabo, kuma kejin Sighinolfi bai taɓa tsagewa ba tun zamanin mahaifinsa. Ya rufe wurin ya yi fenti, da niyyar zai gyara, ya yi ta cewa gobe. Da likitan ya zo saye, sai ya gaya wa kansa ai wannan motar ba za ta sake ganin filin tsere ba.

"Ka ji yarinya za ta hau, me ya hana ka ɗaga waya?" in ji Sufeto. "Waya kawai, Loris."

"In ce me? In ce na sayar masa da keji na ƙarya? Kafin yamma Ivonne ta ji. Yaron nan nawa me zan bar masa, allon kawai?"

Nives ta karɓi bututun daga hannun Sufeto. Ta sa farce ta ɓantari ƙullin, ya marmashe kamar busasshen cuku. Ta leƙa cikin motar, ta dubi gurbin da aka yanke, ta dubi kujerar direba.

"Baba Loris, nan kaina zai kasance?"

"Nan ne, 'yata."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye bututun a kan bonet ta fita waje.

Loris ya roƙi a bar shi ya ƙarasa waldar, aikin yini ɗaya ne. Sufeto ya girgiza kai. Rahoton sata ya riga ya shiga ofis, motar ta zama shaida, bututun nan kuma sai ya je gaban alƙali, inda duk gari zai gan shi. Allah sarki, sunan da ya saci mota don ya rufa wa asiri, shi ne zai fara tafiya. Sufeto ya ji haushinsa, ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushin kansa da ya gane naɗin wayar nan.

Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya ce ya mayar. Loris ya naɗe wayar injin yankan, ya ɗaure ƙugunta, ya rataye, sannan ya bi su.

Hanyar ofis ta gaban shagon take bi. Ɗan Loris na tsaye ƙarƙashin allon yana magana da wani mai mota, bai lura da su ba. Loris ya sunkuyar da kai har suka wuce. Can sai ya yi magana daga kujerar baya, a hankali.

"Ermes, sitiyarinka yana ja hagu."

Sufeto ya san yana ja. Tun bazara yake cewa zai kai wa Loris ya duba masa.