Sunan da Hure Ba Ta Faɗa

Ranar rabon hatsin agaji, shekarar farin nan da ya kashe shanu, Hure ta taso daga Toranke da ƙafa har Gaya. Akawu ya ce an riga an karɓi buhunta. Ta tsaya riƙe da igiyar ɗauri, marayu huɗu na jiran ta a gida.

Badaru mai gadin sito na kusa. Shi ne mutumin da agana ta kwantar da gidansu kaf, shi kaɗai ya miƙe. Bai san bihim ba, amma a ƙasar Gaya ba a yi mai kansa ba.

Ya matso wurin akawu. "Malam Abdulsalam, yaya aka yi?"

"Baba, sunanta sau biyu ya zo, ɗaya daga Toranke, ɗaya daga Balan. Doka ta ce in shigar da cikakke, in mayar da ɗayan ƙaramin littafi, na waɗanda aka ƙi."

"Wa ke duba ƙaramin?"

"Babu kowa."

"Yau ya samu. Karanta mini, ni kunne ne idona."

Na Toranke, wanda aka ƙi: gurbin miji babu komai, babban ɗa Ɗanladi. Na Balan: sunan marigayi ga shi, babban ɗa Bubayero. Wata ce cikin lulluɓi ta bayar, ita kuma ta karɓi buhun.

Badaru ya juya. "Hure, wa ne mijinki?"

Ta sunkuyar da kai. "Mai rasuwa."

"Ɗan farinki fa?"

"Haba Baba."

Badaru ya cire akawu daga zargi a ransa. Baƙo ne daga birni, abin da aka kawo masa ya kwafa. Badaru ya tambayi Bappa, mai unguwar Toranke, sunan yaron.

"Ɗanladi mana. Da sunan suka zo daga ruga. Yana da wani ne?"

Shi ma ya fita daga zargi.

"Hure, wa kuka taso da shi daga rugar?"

"Ƙanin mai rasuwa, Ɗantani. Yana Balan."

Aka tura ɗan doka ya samo Ɗantani a kasuwa. Ya iso yana salati, yana tsine wa ɓarawon marayu.

Badaru ya ce, "Zauna, kawun yara. Taimako muke nema. Akawu zai sake rubuta ta, ga shi ta ƙi magana. Na ce ya sa sunan yaron Abdu."

"Wane Abdu? Bubayero! Ni na riƙe ragon sunan."

"Wa kuma ya sani a nan?"

"Daga ni sai uwar."

Badaru ya gyara tsayuwa, yadda kowa zai ji.

"Uwar ko wuƙa aka sa mata ba za ta faɗa ba. Matar da ta tsaya a Balan ta zuba sunan miji da na ɗan fari, ko tari ba ta yi ba. Ba mijinta ba ne, ba ɗanta ba ne, koya mata aka yi. Ka so takardarka ta fi ta mai gaskiya cika, ta kuwa cika. Ina matarka Talatu ta ajiye buhun?"

Ɗantani ya dubi ɗan doka, ya dubi ƙasa. "Yana cikin rumbu."

Kafin la'asar buhu ya hau jaki zuwa Toranke. Akawu ya ɗauki alƙalami.

"Baba, gurbin mijin fa?"

"Bar shi haka, shi ne shaidarta. Buɗe ƙaramin littafin nan, karanta mini na gaba."