Wanda Ya Dawo Ranar Talata

Ranar da ya fara ganinta, tana durƙushe gaban mahaifinsa tana buɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lallashin jariri ya saki abin da ya damƙe. Makon farko ne na sabuwar shekara. Ɗakin gashin ƙashi na asibitin ya cika da warin man shafawa da ƙarar keken motsa jiki, ga kalanda sabuwa fil a bango, wadda shi da hannunsa ya buga.

"Sannu a hankali, Baba," ta ce. "Ba tsere muke yi ba."

Baba ya ɗan jima yana fama da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar ta fara dawowa, hannun dama ne ya ƙi. Ta ɗago ta dubi saurayin da ke tsaye riƙe da hular tsohon.

"Kai ne ɗansa? Abin da nake yi a nan kaɗan ne, a gida ake samun hannu ko a rasa shi. Wa zai riƙa yi masa?"

"Ni," ya ce, har da dafa ƙirji. "Kullum, ba fashi. Na riga na ƙudurta, bana shekarar Baba ce."

Baba ya yi dariya da rabin bakinsa.

"Likita, kin san sunan da ake kiransa a wurin aiki? Baɗi."

Ta danne murmushi. "To Malam Baɗi, kar ka yi min alkawarin kullum. Na fi jin tsoron masu cewa kullum. Ka ce min gobe kawai."

Sunan ba banza ya bi shi ba. Duk ƙarshen shekara, in sun gama buga kalandu, sai ya hau ɗakinsa da ke saman shagon buga takardun da yake aiki ya ƙudurta zama sabon mutum. Wata shekarar gudu ne da sassafe, wata barin lemon kwalba, wata komawa makaranta. Ya sa a sitatus ɗin wayarsa, abokai su yi ta jinjina, ya kwanta da daɗin wanda ya riga ya gama. Kafin wata na biyu ya fita, takalmin gudun ya koma ƙarƙashin gado. In an tambaye shi, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Bana ta riga ta ɓaci, sai baɗi."

Kowa sai ya yi dariya ya ce halinsa ne. Wannan kalmar ta halinsa ne ta kashe mutane da yawa da ransu. Da ita muke rufe bakin duk wanda ya kamata mu zaunar mu tambaya, mu kuma huta da wahalar taimakonsa. Babu wanda ya taɓa lura cewa Baɗi ba malalaci ba ne. Duk shagon ba wanda ya kai shi tsantseni.

A wannan karon kuwa ya dage. Baba yana zaune gidan Yaya, babbar 'yarsa, can ƙarshen gari. Da an tashi aiki Baɗi zai hau bas ya je ya murza yatsun nan, ya dawo ɗakinsa inda ba mai jiransa sai fanka da kofi ɗaya. Tun rasuwar mahaifiyarsu yake cin abinci a tsaye, don zama gaban kwano shi kaɗai ya fi yunwar ciwo. Yanzu sai ya samu wanda zai ba labari. Ta ba shi lambarta don rahoton hannu, rahoton ya riƙa tsawo.

"Likita, yau babban yatsa ya motsa. Baba ya ce a gaya miki da shi zai fara nuna ni in na yi laifi."

"Madalla. Kai kuma ka ci abinci?"

"Wannan ma cikin aikin asibiti yake?"

"A'a. Wannan nawa ne."

Ya karanta saƙon nan har wayar ta mutu a hannunsa. Daga ranar ya daina ce mata Likita, ya koma 'Yar Sannu, saboda kalmar da ba ta rabuwa da bakinta. Ita ma ba ta da abokin hira. Yini take tana taɓa ciwon mutane, ta koma gida ta tarar da Umma, mahaifiyarta, kan keken ɗinki, 'yan'uwanta duk sun yi nisa.

Wata Asabar ta biyo ta shagon. Ya zagaya da ita, ya nuna mata injin da inda ake yanka takarda. A lungu ta ga tarin kalandu har ƙugu, an ɗaure za a zubar.

"Waɗannan fa? Ai lafiyarsu ƙalau."

"Rana ɗaya ce ta fita ba daidai ba a watan tara."

"Duk wannan saboda rana ɗaya?"

"Haka aikin yake, 'Yar Sannu. Kalandar da ta yi ƙarya sau ɗaya ba mai yarda da ita. Ba a gyara ta, zubarwa ake yi a ɗauko farar takarda."

Ta daɗe tana kallon tarin. "Allah Ya sa mu a wurinmu ba haka muke yi da mutane ba," ta ce.

Da maganar ta yi ƙarfi ya je gaida Umma. Ta amsa masa ba yabo ba fallasa, ƙafarta ba ta bar keken ba. Bayan ya fita ta cire tabarau.

"Na sa an tambaya min. Yaron da har sunansa ya koma Baɗi? Ya fara makaranta ya bari, ya fara wancan ya bari. Ke ma farawa zai yi."

"Umma, baki ga yadda yake da mahaifinsa ba."

"Shekarar ai yanzu ta fara. Ga Mai Magani nan na asibitinku, yaro mai tsari, in ya ce ƙarfe huɗu to huɗu ce. Tun yaushe yake aiko da gaisuwa? Ni na yi zaman jiran alkawari a rayuwata, ba zan ga kin yi ba."

'Yar Sannu ba ta gaya wa Baɗi duka ba, amma ya karanta a fuskarta. Sai ya ƙara ɗaure wa kansa: ko rana ɗaya kar ya kuskura.

A wata na huɗu aikin takardun jarrabawa ya faɗo wa shagon, ga injin yana ta cin takarda. Wata yamma ya ɗago kai ya ga bas ta ƙarshe ta wuce. Ya tsallake rana ɗaya.

Rana ɗaya ce tak. Da wani ne, da washegari ya hau bas ya ba da haƙuri, shi ke nan. Amma Baɗi ya tashi da wani nauyi a ƙirji da ya sani sarai, nauyin takardar da ta ɓaci. Ya ce sai ya samu abin da zai faɗa wa Baba. Kwana biyu suka zama mako. Ranar asibiti ta zo, Yaya ce ta kai tsohon. Kunyar jiya ta hana shi zuwa yau, ta yau ta hana shi gobe. Saƙonnin 'Yar Sannu suka riƙa shigowa.

"Lafiya? Baba ya ce bai gan ka ba."

"Baɗina, ko aiki ne? Ka yi min ko kalma ɗaya."

"Na kira ba ka ɗauka ba. Na yi maka laifi ne?"

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Sau ɗaya ya yi ta maza ya je har ƙofar asibitin. Ana yayyafi, ya laɓe ƙarƙashin rumfar mai gyaran waya, sai ya hango ta tana shiga motar Mai Magani. Ya juya da ƙafa har shago, ruwa na bin wuyan rigarsa. Ya ce a ransa Umma ta yi gaskiya. Bana ta ɓaci. Zai gyara kansa tsaf, in sabuwar shekara ta kama ya dawo mata cikakken mutum, in tana nan.

Ya juya kalandar ɗakinsa ta fuskanci bango. Watanni suka shige yana aiki, yana hawa sama, yana ci a tsaye. A shago ana ta tsokanarsa, "Baɗi, ya shekarar Baba?" Yana tayawa da dariya. Ba wanda ya ga abin kuka a ciki.

Wata Talata da hantsi, a tsakiyar shekara, maigidan shagon ya ce ya fara tsara kalandar baɗi a kwamfuta. Ya ja gidajen kwanaki, ya jera lambobi. Yana cikin shafa wa ranar farko jan launi wayarsa ta yi ƙara. Hoto ne daga 'Yar Sannu: hannun Baba a kan cinya, yatsun sun koma sun dunƙule. Saƙo ya biyo baya.

"Hannun Baba bai san watan da muke ciki ba. Ban yi fushi don ka tsallake ba, duk wanda nake koya wa tafiya sai ya faɗi. Na yi fushi don ka haɗa ni da mahaifinka ka ɗaure mu a lungu kamar kalandun nan. Umma ta ce wa mutanen Mai Magani su zo ƙarshen wata. Na ce ba na so, amma ba ni da abin nuna mata. Ba zan iya jiran baɗi ba."

Ya dubi wayar, ya dubi kwamfutar. Ga ranar da yake ta jira, ɗan gida mai kusurwa huɗu, daidai da sauran. Shi ya ja mata layi, shi ya shafa mata ja. Ba ta zo da komai daga sama ba. Shekara da shekaru yana bautar ranar da shi ke ƙera ta da hannunsa.

Ya miƙe ko hannu bai wanke ba.

"Ina zuwa?" in ji maigida.

"Wurin Baba."

"Yau Talata fa, tsakar aiki!"

"Na sani."

A bas ya shirya jawabin ban haƙuri mai tsawo. Da ya shiga ya durƙusa, Baba ya dube shi ya dubi tawadar hannunsa.

"Ka zo? To ja kujera. Ka bar dogon bayani, hannun nan ba ya jin magana."

Yatsun sun yi tauri fiye da ranar farko. Ya murza, tsohon ya cije leɓe, hawayen Baɗi na ɗiga kan man shafawar. Da ya gama ya fito ƙofar gida ya rubuta mata:

"Na je yau. Zan je gobe. Abin da zan iya faɗa ke nan, 'Yar Sannu. Na gan ki a motarsa na yanke hukunci, ki yafe min."

"Mu huɗu ya rage wa hanya saboda ruwa, sarkin hukunci. Goben ta ishe ni."

Bai sa komai a sitatus ba. Ya je gobe, ya je jibi. A mako na biyu inji ya sake riƙe shi ya tsallake, nauyin nan ya dawo masa. Washegari ya hau bas da nauyin nasa, ya je. A nan ne, ba a ranar Talatar ba, ya san wani abu ya canza.

Kafin wata ya ƙare ya koma gaban Umma. Wannan karon ta tsayar da keken.

"Ka ɓace wata da watanni, 'yata tana kuka a ɗaki tana cewa mura ce. Yanzu ka zo ka yi min alkawarin ba za ka sake ba, ko?"

"A'a, Umma. Alkawari na iya shi fiye da kowa, shi ya kawo ni nan. Zan yi kuskure, ko makon jiya na tsallake. Amma na koma washegari. Da ban iya komawa ba, yanzu na koya."

Umma ta juya almakashi a hannunta. Ta dubi 'yarta da ke bakin ƙofa, ta ga amsar a fuskarta tun kafin ta tambaya.

"Mahaifinta bai taɓa cewa ya yi kuskure ba har ya koma ga Allah," ta ce a hankali. "Zan ba mutanen can haƙuri. Amma ban ce na ba ka ba. Zan zuba ido."

Ta zuba idon kuwa, har damina ta wuce. Ranar da Baba ya zo da kansa, yana dogara sanda, ya karɓi kofin ruwa da hannun dama yana rawa bai zubar ba, Umma ta juya kai ta share ido da gefen mayafi.

"A sa rana," ta ce.

Shi ya buga katunan gayyata. Da suka fito, sai ga ɗan ɗigon tawada a kusurwar kowane ɗaya. Hannunsa ya kai ga igiyar ɗaure shara, ya tsaya. Ya ɗauki hoto ya tura mata.

"Sun ɓaci kaɗan."

"Sunana da naka sun fito?"

"Sun fito."

"To raba su, angona."

Aka ɗaura aure ana saura wata biyu shekara ta ƙare, a ranar da ba ja a kalandar kowa. Abokan shago suka zo suna ihun yau dai Baɗi ya zama Bana. Da aka kawo ango da amarya gaban Baba suka durƙusa, ya ɗaga hannun nan da kansa, sannu a hankali. Yatsu biyu har yanzu ba su gama miƙewa ba. Ya ɗora shi a kan ɗansa, sannan a kan amarya.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. In kun ɓata wa juna, Allah Ya ba ku ikon komawa washegari."

"Amin," in ji Umma, muryarta ta fi ta kowa.

Da yamma, a ɗakin saman shagon, amarya ta tarar da kalanda tana kallon bango. Ta juyo da ita, ta ajiye kofi na biyu kusa da na farko.

"Zauna," ta ce. "A gidan nan ba a ci a tsaye."