Danjar Mararraba Ta Huɗu

"Da hannunka ka rubuta?"

"Da hannuna."

"Kuma ka san Babana ne?"

"Na sani."

Ta jefa masa takardar a ƙirji. Yana tsugune gaban akwatin danja a bakin titi, ƙofar a buɗe, wayoyi a waje. Bai ɗago ba.

A gaban irin wannan akwatin suka haɗu bara. Ta taso daga shagon ɗinki, fitila ta canza tana tsakiyar titi, ta tsallako da gudu ta sauke masa kwandon masifa. Wai wane marar imani ne ya ba masu ƙafa sakan bakwai? Washegari ya mayar da shi sha biyu. Tun ranar take kiransa Mai Danja, shi kuma yana ce mata Uwar Faɗa.

Wata huɗu ya yi yana jera danja biyar na babban titi, yadda motar da ta samu kore a ta farko za ta wuce ta biyar ba ta taka birki ba. Ko'ina ya daidaita, ban da mararraba ta huɗu. A nan Babanta yake ba da hannu, shekara ashirin da biyu. Fitila ta nuna ja, ya ce a wuce. Ta nuna kore, ya ɗaga tafi ya tsayar. Mai Danja ya kai rahoto ofis. Aka ɗauke tsohon, aka mayar da shi gadin filin ajiye motoci.

"Saura sati biyu iyayenka su zo gidanmu," ta ce. "Ka kasa zuwa ka yi masa magana kamar ɗa?"

"Aiki ne."

"To ka auri aikin."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Baba ya ce kada ka sake taka ƙofarsa. Ni ma ban roƙe shi ba."

Ya rubuta: "Uwar Faɗa, ban yi ƙarya a takardar ba."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Rashin kunya ka yi."



Kwana uku da tafiyar tsohon, mararraba ta huɗu ta cushe. Kullum ƙarfe biyu saura, layi ya miƙe har ya toshe ta uku, ta uku ta toshe ta biyu. Hon, zagi, hayaƙi. Mai Danja ya ƙara wa kore sakan biyar, abin ya ƙi. Ya rage, ya fi muni. Oga ya kira shi ofis ya wanke shi tas a gaban kowa, ya ba shi sati ɗaya.

Ran na shida Mai Danja ya nufi filin ajiye motoci. Tsohon na zaune kan benci, usur ɗinsa rataye a wuya, babu wanda zai hura wa.

"Barka da rana, Baba."

"Injiniya da kansa. Na'urar ce ta aiko ka?"

Ya durƙusa. "Ta huɗu ta gagare ni."

"Ai na ji hon daga nan." Tsohon ya kawar da kai. "Ka ƙirga motoci?"

"Na ƙirga."

"Ka ƙirga 'yan makarantar bayan asibiti? Biyu saura kwata ake tashinsu. Bas uku ke tsayawa bayan fitila su kwashe su, su cinye rabin titi. Ka saki motoci a lokacin, ina za su shiga, aljihunka? Riƙe su nake in sallami na gefe, sai bas sun tashi. Shekara ashirin da biyu. Da ka tambaya, da na faɗa maka a tsaye."

Mai Danja ya sunkuyar da kai. Kunnuwansa sun yi zafi.

"Na yi kuskure, Baba."

"Ba ni za ka faɗa wa ba. Inda ka rubuta na farko, can za ka rubuta na biyu."

Ya rubuta, ya sa hannu. Oga ya karanta ya kira shi sakarai. Aka ba mararraba ta huɗu tsarinta daban na rabin awa, yadda tsohon ya faɗa, titi ya buɗe. Amma ba a mayar da tsohon ba. An ce fitila ta koyi aikin.

Ya tura mata hoton takardar. Sai bayan kwana biyu ta amsa: "Baba ya ce iyayenka su zo. Ni har yanzu ina fushi, Mai Danja."

"Ki zo da fushin. Akwai ɗaki."

An ɗaura aure ranar Asabar. Tsohon ya riƙe hannun ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ka riƙa tambaya kafin ka yanke."

Motar da ta ɗauko su ta bi babban titi. Kore a ta farko, kore a ta biyu, kore a ta uku. A ta huɗu amarya ta leƙa ta taga, ta kalli tsakiyar titi inda babu kowa a tsaye. Hannunta na cikin nasa, ba ta zare ba.

"Angona."

"Na'am."

"Da titin nan bai cushe ba, da ka je wajen Baba?"