Motar da Ta Shanye Takalmi

Akwai wani yaro, da ya shiga motar babansa sai ya manta da duniya. Ya jingina kai da gilashi. Bishiyoyi su koma jiragen ruwa, gajimare ya koma tumaki. Shi dai kada a iso gida.

Wata rana Baba ya zo ɗaukarsa daga makaranta. Yaron ya jawo abokinsa Dogo.

"Baba, mu sauke shi mana. Gidansu nan kusa ne."

Baba ya dubi allurar mai. "Ka tabbata? Man nan na kai Kakarka asibitin ido ne gobe."

"Kusa ne, Baba."

Ƙarya yake. Gidan su Dogo can bayan gada yake. Yawo kawai yake so.

Suka kama hanya. Iska tana shafa masa fuska. Ya lumshe ido, ya ga motar ta yi fukafukai, tana gaisawa da shaho.

Sai motar ta yi tari. Ta ƙara. Ta tsaya cik.

"Baba, me ya same ta?"

"Yunwa," in ji Baba. "To, manyan baƙi, a sauko. Kun hau ta, yanzu ita za ta hau ku."

Suka yi ta turawa har gidan mai, gumi sharkaf. Dogo yana haki ya ce, "Kai, da ka ƙyale ni, da tuni na ci abinci!"

Baba ya zaro kuɗi daga aljihun gaba, ya dubi ɗansa. "Na sabon takalminka ne. Amma idon Kaka ba ya jira."

Yaron ya ga ana ɗura takalminsa a tanki. Hawaye suka zo masa.

"Baba, na san da nisa. Ka yafe mini."

Baba ya shafa kansa. "Na yafe. Mota ba da iska take tafiya ba, ɗana. Mai, taya, bakanike, duk daga tukunyar gidanmu take ci."

Washegari Kaka ta dawo da sabon tabarau. Ta ƙare wa yaron kallo.

"Au! Ashe mijin nawa kyakkyawa ne? Sai dai babban yatsanka yana leƙe ta tsohon takalminka."

Ya kwashe da dariya, ya rungume ta.

Daga ranar ya gane: kowace tafiya a mota akwai wanda ke biya, kuma ƙarya tana ƙara tsada.