Ta Kori Wanda Za Ta Aura

"Ajiye makullan ofis ka fita."

Kekunan ɗinki suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya yi tsit. Teloli suka sunkuyar da kai kamar masu neman allurar da ta faɗi.

Auta ce ta yi maganar, wadda a nan kowa ke ce wa Shugaba. Ita ta kafa kamfanin ɗinka kayan 'yan makaranta, daga keke ɗaya a barandar gidansu har ya kai wannan ginin. Wanda ta kora kuwa manajan ciniki ne, kuma shi ne mutumin da aka sa ranar aurensu.

A ƙasa tsakaninsu ga buhunan riguna a zube. Babbar makarantar da ta daɗe tana bibiya ce ta dawo da su. Shuɗi mai duhu suka nema, aka ɗinka musu mai haske. Shi ya zaɓo yadin, shi ya ce a yanka.

"Shugaba," ya ce a hankali, "mu shiga ciki mu yi magana."

"A nan za mu yi ta," in ji mataimakiyar Auta, tana gyara zaman tabarau. "Mutanen nan su suka ɗinka, su za su sake ɗinkawa. Ai ya kamata su ji."

Ran Auta ya ƙara ɓaci. Bakinta ya riga tunaninta.

"Na ɗauko ka daga cikin garin katako, na sa maka kwat, na ba ka kujera. Shuɗi biyu ne ka kasa bambancewa?"



Ya zaro makullan ya ɗora kan teburin yanka, ya cire kwat ɗin ya ninke ta da kyau ya ajiye kusa da su. Ya yi wa telolin sallama, ya fita.

Sai da ƙofa ta rufe sannan ta ji abin da ta faɗa.

Ta shige ofis ta zauna a ƙasa bayan tebur, ta rufe fuska. Kunya ta riƙa hawa mata tun daga ƙirji har kunnuwa. A wajen yi mata kantocin ajiye yadi ta fara haɗuwa da shi, lokacin ba ta da ko ma'aikaci ɗaya. Kafinta ne mai shagon kansa a bakin titi, mai yawan dariya, fensir kullum a saƙale a bayan kunne. Da aikin ya ƙare sai ya riƙa ƙirƙiro gyara, yau ƙusa ta saki, gobe ƙafar kanta ta karkace, har ranar da ta ce, "Malam, in zance ka zo ka faɗa, kantar nan lafiyarta ƙalau."

Da maganar aure ta taso, yayanta ne ya ƙi. Shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu.

"Mai kamfani guda ki kawo min mai buga ƙusa? Me zan ce wa mutane?"

Maimakon ta tsaya a kan maganarta, sai ta nemi dabara. Ta lallaɓa masoyin nata ya bar wa abokinsa shagon, ta ƙirƙiro masa muƙami. Da aka ce wa Yaya "manaja", sai ga shi yana murmushi, aka sa rana.

Wannan yammacin Yaya ya same ta a falo, ko mayafi ba ta cire ba.

"Na ji labari. Mataimakiyarki ta kira ni. Kin yi daidai, Auta. Haka manya suke yi, ba a haɗa kasuwa da son zuciya."

"Ita ta kira ka?"

"Yarinyar tana da hankali. Ta ce tun ranar da aka kawo yadin ta ga ba shi ba ne, amma ta ji nauyin yi wa angonki gyara. Ta ce ƙaninta ya karanci kasuwanci, in kina neman wanda zai hau kujerar."

Auta ta ɗago ta dube shi.

"Ta gani... ta yi shiru har aka yanka?"

"To ke dai an rabu da ƙaya. Batun aure kuma sai a dakata."

Auta ta so ta ɗora wa mataimakiyar laifin duka ta huta, amma abin ya ƙi zama. Mataimakiya ta haƙa ramin, gaskiya ne. Amma ba ita ta sa mata maganar garin katako a baki ba.

Washegari ta kira mataimakiyar zuwa ofis, ta rufe ƙofa.

"Kin ga kuskure kin bar shi ya girma don ki samar wa ƙaninki kujera. Ba zan iya ci gaba da aiki da ke ba. Za a ba ki duk haƙƙinki."

Matar ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni kin rufe ƙofa kafin ki kore ni. Na gode. Shi fa?"

Auta ta kasa ɗaga ido.

Kwanakin da suka biyo baya aiki ya sha kanta. Ta je makarantar da kanta ta ba shugabar haƙuri, ta roƙi a ƙara mata lokaci. Ta sayo sabon yadi, ta zauna kan keke tare da teloli kamar farkon farawarta. Suna gaishe ta da ladabi, amma hirar da suke yi da ita a da ta mutu. In ta shigo sai a ji ƙarar keke kawai.

In ta kira masoyin nata, wayarsa tana shiga, ba ya ɗagawa.

Ranar da aka kai kayan makarantar, daga can ta wuce gidan iyayensa. Mahaifiyarsa na tsakar gida tana shanya. Auta ta durƙusa har ƙasa.

"Umma, ina wuni."

"Lafiya lau, Shugaba."

Sunan ya soke ta. A da "'yata" take ce mata.

"Umma, don Allah..."

"Ɗana bai faɗa min komai ba. A bakin matar wani tela na ji, a gidan suna, cikin mutane. Garin katakon nan da kika raina, da shi na ci na sha tun da ubansa ya kwanta ciwo. Ban taɓa jin warinsa ba."

Hawaye suka zubo wa Auta. Ta rasa inda za ta sa fuskarta.

"Na yi kuskure, Umma. Ban da abin cewa."

Tsohuwar ta yarfe wani zane ta rataya, ta daɗe ba ta juyo ba.

"Yana shagonsa, ya karɓe shi daga hannun abokinsa. In kin je kada ki ɗaga masa murya, wadda ya sha ta isa."

Tun daga nesa ta jiyo ƙarar zarto. Yana sunkuye kan wani katako, tsohuwar riga a jikinsa, gashinsa ya yi fari da ƙura. Ya gan ta, ya kashe injin. Ya jawo benci ya kaɗe shi da hannu.

"Zauna. Sai dai zai ɓata miki kaya."

"Nawa..."

"Na'am."

Da ta ji ya amsa sunan ƙaunar da take kiransa da shi, sai kuka ya ƙwace mata. Ya bar ta ta yi mai isarta.

"Ka yafe min. Ka dawo, kujerarka tana nan. Mataimakiyata ce ta gani ta yi shiru, na sallame ta."

Ya girgiza kai.

"Ita ta yi shiru, amma ni na zaɓo yadin. Ban tafi kasuwa da samfurin makarantar ba, kunya ta hana ni tambaya kada a ce manaja bai sani ba. Kin yi daidai da kika kore ni. Ni ma da yarona zai lalata min katako haka, sallamarsa zan yi."

"To me ya sa ba ka ɗaga wayata?"

"Don ban san da wa zan yi magana ba. Da Shugaba, ko da ke." Ya zauna a ɗaya gefen bencin, nesa da ita. "Kin san yadda nake yini a ofis ɗin nan? In kunna kwamfuta in zuba mata ido. In an shigo in yi kamar ina rubutu. Ƙarshen wata a ba ni albashi, in ji kamar na ɗauki abin wani. Ko akawu ba na iya haɗa ido da shi."

"Ba ka taɓa faɗa min ba."

"Ina ganin yadda kike murna in kin ce wa mutane 'manajanmu'. Ban taɓa jin kin ce 'kafinta' da irin wannan muryar ba."

Ta sunkuyar da kai. Gaskiyar ta fi zagi zafi.

"Na ɗauka Yaya nake yi wa dabara," ta ce da ƙyar. "Ashe ni ma ina jin kunyar. Ni da na fara da keken aro... ni ce na raina mai aikin hannu."

"Ina son ki, Auta. Ko ranar da na ajiye makullan ban daina ba. Amma ba zan sake sa kwat don a aura min ke ba. Ni ke nan, yadda kika gan ni. In ya yi miki, to. In bai yi ba, mu rabu ana mutunci."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe.

"Taso mu je."

"Ina?"

"Kamfani. Daga nan gidanmu."

"Bari in sauya riga."

"A'a. Haka nake so."

Da suka shiga ɗakin ɗinki ta ɗaga hannu, kekuna suka tsaya.

"A gabanku na ci mutuncin mutumin nan, don haka a gabanku zan ba shi haƙuri. Kuskuren aiki ya yi, ni kuma na yi na hali. Na zagi sana'arsa, alhali duk wanda ke ɗakin nan da hannunsa yake ci, har ni. Ku ma ku yafe min."

Sai babbar telar, wata dattijuwa da ke zaune kusa da taga, ta leƙo ta saman tabarau.

"Mun yafe. To tunda kafinta ya dawo, a duba min kujerar nan, ta kusa karya min baya."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har shi.

Wajen Yaya abin bai zo da sauƙi ba. Ya dubi rigar, ya dubi ƙurar da ke kan takalmin, ya ɗaure fuska.

"Yanzu me zan ce wa mutane yana yi?"

"Ka ce kafinta ne, Yaya. Ni ma abin da zan ce ke nan. Kamfanina ni na gina shi, ba da sunan miji ba. Shi ma nasa zai gina."

"In na ce a'a fa?"

"Zan jira har ka ce e. Amma ba zan kawo maka wani ba."

Yaya ya tashi ya shige ɗaki. Ya yi makonni yana amsa gaisuwarta da ka. Sai da Umma ta tako da kanta, ta zauna da shi ita da kawun su Auta, sannan ya sauko. Bai ce ya ji daɗi ba. Cewa ya yi a bar ranar yadda take.

Aka ɗaura aure.

Ta ɗauki sabon manaja ta hanyar jarrabawa, wata mata da ba ta haɗa komai da ita ba. Shi kuma ya kama shagon da ke jikin nasa, ya fasa bangon, ya fara yi wa makarantu kujeru.

Wata rana aka gayyace ta taron 'yan kasuwa ta yi magana kan yadda ake gina kamfani. Bayan ta sauko, wani mai otal ya miƙa wa mijin hannu.

"Ranka ya daɗe, kai ma a kamfanin Madam kake?"

Ya buɗe baki zai amsa, ta riga shi.

"A'a, korar sa na yi," ta ce, kunnuwanta na zafi, amma ba ta kawar da ido ba. "Mijina ne, kafinta. In otal ɗinka na buƙatar gadaje, ka yi masa magana da wuri, layi ne."