Shanu Bakwai da Mai Lambu

Rahoton ya iso ofis da hantsi, Sufeto bai ma gama cire takalmin da ke matse masa yatsa ba. Shanu bakwai sun mutu a bayan gari, an ce guba aka zuba musu a kwamin ruwa, kuma wai har an san mai laifin.

"Wa ya san shi?" in ji Sufeto.

"Kowa da kowa, Yallaɓai," in ji Saje. "Mai lambun da ke maƙwabtaka da garken ne. Ga shi can a bayan kanta. Da ƙyar muka ƙwace shi a hannun matasa. Sun ce in la'asar ta yi ba a yi masa hukunci ba, za su ƙone bukkarsa da injin ban-ruwansa."

Sufeto ya mayar da takalmin. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, kuma duk ƙarar da ta zo masa da mai laifinta a goye, ita ke cinye masa yini. Abin da kowa ya sani ba wanda ke wahalar da kansa neman shaidarsa.

A garken, ƙudaje sun riga hukuma zuwa. Shanun na kwance a gindin wata bishiya, cikkuna a kumbure. Wata dattijuwa tana zaune a kan kifaffen kwano, ta zuba musu ido ba ta ko ƙiftawa. Mai kiwon ya tarbi su Sufeto, wani mutum da ake kira Dogo, ko da yake tsawonsa bai kai sunan ba. Yana sanye da riga mai kauri, hannuwanta har wuyan hannu, gumi na tsiyaya daga haɓarsa.

"Shanunka ne?"

"Na Yayata ne, ga ta can. Amana ce a hannuna. Shekara tara ina kiwonsu, ko ƙaya ba ta taɓa sukar ɗaya ba. Bara suka shiga lambun mutumin nan, ya rantse a gaban jama'a sai ya ga bayansu. Sansana ruwan nan ka ji, Yallaɓai."

Ba sai an sunkuya ba. Warin maganin feshi na tashi daga kwamin har yana yaji a ido. Amma a gefe guda ga maruƙa uku ɗaure a turke, suna ta kukan neman uwa.

"Waɗannan a ina suke shan ruwa?"

"A nan."

"Jiya sun sha?"

"Sun sha. Allah ne ya kare su."

"Allah mai karewa ne," in ji Sufeto. Ya rubuta abu a littafinsa, ya ce Saje ya nemo likitar dabbobi.

Mai lambu tsoho ne, leɓensa a fashe, rigarsa a yage. Da aka fito da shi ɗakin tambaya sai ya tsuguna a ƙasa, ya bar kujerar.

"Baba, hau kujera. Kana da maganin feshi?"

"Ni? Rabona da shi tun bara, ranka ya daɗe."

Saje ya dire kwalba a kan tebur. "Wannan fa? A ƙarƙashin buhunan takinka muka same ta."

Tsohon ya kalli kwalbar kamar ita ta yi masa sharri. "Tsoro ne, ɗana. Mutum ya ga an zo da sanduna, ai ko sunansa aka tambaye shi sai ya ce bai sani ba."

Sufeto ya juya kwalbar a hannunsa. Hatimin murfin yana nan, ba a taɓa buɗe ta ba.

"Ka rantse za ka ga bayan shanun?"

"Na faɗa. Sun cinye min kabejin wata uku a wuni ɗaya, me kake so in ce, sannunsu da aiki? Amma baki daban, hannu daban. Shekaranjiya na sayi wannan saboda tsutsa ta kama min tumatir. Ita ce ma ta ƙarshe a shagon, mai shago ya ce wani ya riga ni kwashe biyu."

Rana ta take tsaka lokacin da suka koma garken. Likitar ta riga ta iso a kan tsohon babur ɗinta, ta farke saniya ɗaya. Mace ce marar yawan gaisuwa. Ta ja Sufeto gefe, ta miƙo masa abin da ta ɗebo daga tumbin.

"Sansana."

"Likita, ban karya ba tukuna."

"Gara haka. Sansana."

Ciyawa ce kawai da tsamin ciki. Sai ta shafo bayan saniyar da tsumma ta kai masa hanci, ya kau da kai yana tari.

"Ba sha suka yi ba," in ji ta. "Ta fata ya shige su. Duba ƙasa."

A inda ta nuna, kaska ce matacciya birjik, ta zubo daga kunnuwa da hantsa.

"Wanka aka yi musu da maganin gona. Rabin masu shanun yankin nan haka suke yi, murfi ɗaya a bokiti, wai abin da ya kashe tsutsa zai kashe kaska. Sau tara cikin goma su tsira, sai su ce dabara ce ta gado. Maruƙa ba a yi musu, shi ya sa suke tsaye."

"Ba ku hana su?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni kaɗai ce a ƙauye arba'in. Maganin wanka na gaskiya ya ƙare a ofishina tun farkon damina. Takardun wayar da kai kuwa kwali uku aka aiko min, masu hoton saniya tana murmushi."

Mai shagon kayan gona ya tarbe su da fara'ar wanda ya riga ya shirya amsa.

"Manoma kawai nake sayar wa, Yallaɓai. Doka ce, ga ta ma a manne a bango."

"Na ga takardar. Kwalba uku ka kawo, mai lambu ya ɗauki ɗaya. Biyun fa?"

"Mutane suna da yawa, ba zan iya tunawa..."

"Saje, rufe shagon. Zai tuna a ofis."

"Dogo ne!" Ya rage murya. "Ya ce kaska ta yi wa shanun katutu, murfi ɗaya ya daina yi musu komai. Na ce ya ƙara kaɗan. Kaɗan na ce, wallahi."

"Za ka maimaita wannan kaɗan ɗin a rubuce," in ji Sufeto.

Kafin la'asar matasa sun taru a bakin lambun, ɗaya riƙe da jarkar fetur. Sufeto ya ratsa su zuwa garken da ke gefe, gwiwarsa na yi masa zogi. Ya tsaya gaban Dogo, inda dattijuwar za ta iya ji.

"Naɗe hannun rigarka."

"Sanyi nake ji, Yallaɓai. Zazzaɓi ne."

"A wannan ranar? Naɗe."

Dogo bai motsa ba. Yayarsa ce ta tashi daga kan kwanon, ta kama hannunsa kamar yadda ta saba tun yana ƙarami, ta ja rigar sama. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu fatar ta yi ja, ta saluɓe, tsokar na rawa ita kaɗai.

"Auta," ta ce a hankali. "Me ka yi?"

Sai Dogo ya durƙusa.

"Kaska na shanye musu jini, Yaya, nono ya ragu, ke kuma kina ta tambaya. Kwalba guda na juye a bokiti biyu, na wanke su da rana tsaka. Kafin yamma suka fara dalala suna faɗuwa. Na rasa da wane ido zan kalle ki. Su ne duk abin da mijinki ya bar miki."

"Kwamin fa?" in ji Sufeto.

"Da safe na ɗaure maruƙan, na juye kwalba ta biyu a ciki. Na san in aka ji warin, ba wanda zai tambaye ni. Kowa ya ji rantsuwar tsohon."

"Da ka faɗa min, da kuka kawai za mu yi tare," in ji Yayar. "Saniya ce, Auta. Shi kuwa mutum ka miƙa a kashe."

Mai jarkar fetur ya ajiye ta a bayansa. Ɗaya bayan ɗaya matasan suka tuna suna da aiki a wani wuri.

Saje ya ciro ankwa, ya dubi hannuwan Dogo, ya mayar da ita aljihu. "Asibiti tukuna, Yallaɓai?"

"Ya fara zuwa ofis ya ba da jawabi, sannan asibiti. Ka riƙe shi ta kafaɗa."

A ƙofar ofis suka yi kiciɓis, Dogo zai shiga, mai lambu an sallamo shi. Tsohon ya matsa ya ba shi hanya, bai dube shi ba. Sai ya juyo wajen Sufeto.

"Ranka ya daɗe, ka rubuta min a takarda cewa ba ni ba ne, ka buga hatimi."

"Baba, ai kowa ya ji da kunnensa."

"Waɗanda suka zo sun ji. Na kasuwa labarin safe suka tafi da shi, kuma su ne masu sayen tumatir ɗina."

Sufeto ya san takarda ba ta taɓa cim ma labarin safe ba. Ya jawo kujera, ya zauna, ya ce a miƙo masa biro.